Ɗaya cikin huɗu: abin da rabuwar ƙwayoyin halitta ke bayyanawa game da gadon sikila da gwajin aure

Tun watan Mayun 2024, lokacin da gwamnan jihar Kano a Najeriya, Abba Kabir Yusuf, ya sa hannu kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, maganar gwajin sikila ta ƙara ƙarfi a wannan gefen iyaka ma, wato Nijar, musamman a gidajen Yamai da na jihar Tawa da ke auratayya da dangi na Sakkwato da Katsina da Kano. Kowace ranar 19 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware domin cutar amosanin jini, wato sikila, likitoci kan maimaita cewa idan mai AS ya auri mai AS, akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu su haifi yaro mai SS, wato mai ciwon. Masu sauraro kuwa suna da abin da idonsu ya gani. Akwai gidan da miji da mata duk AS ne, sun haifi ƴaƴa biyar babu mai ciwon ko ɗaya, akwai kuma gidan da ƴaƴa uku suka zo da shi a jere. Daga nan wasu suka yanke cewa gwajin ba abin dogaro ba ne, wasu suka ɗauka cewa yaro na huɗu ne kaɗai ke cikin haɗari, wasu kuma suka zaci wanda ya haifi mai SS ɗaya ya gama karɓar rabonsa, ukun da za su biyo baya lafiya lau za su zo.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan fahimtoci da ya dace da abin da bincike ya tabbatar, kuma ba za a gane dalili ba sai an koma ga yadda ƙwayoyin halittar jiki ke rabuwa. Hanyoyin rabuwar biyu ne, waɗanda ɗaliban lise ke karantawa a darasin kimiyyar halittu (SVT) da sunan mitoz da meyoz. Ta farko ce ke gina jiki tana gyara shi, kuma abin da ya faru a cikinta yana tsayawa kan mai jikin. Ta biyu ce ke samar da ƙwayoyin maniyyi da ƙwan mace, kuma ta nan kaɗai gado ke bi ya kai ga ƴaƴa. Yawancin ruɗanin da ake samu kan sikila, da haihuwar ƴaƴa mata, da ciwon daji, daga cakuɗa waɗannan biyun yake tasowa.

Ƙwaya, kuromozom da DNA

Ƙwayar halitta ita ce mafi ƙanƙantar abu mai rai da aka gina jiki da shi, ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Jikin baligi yana ɗauke da kimanin tiriliyan 30 daga cikinsu, kuma dukkansu daga ƙwaya ɗaya tak suka fito, wato wadda ta samu lokacin da maniyyi ya haɗu da ƙwai. A tsakiyar kusan kowane nau'in ƙwaya akwai wata cibiya, a cikinta kuma akwai zaren DNA mai ɗauke da bayanan gado, wanda da za a warware shi tsawonsa zai kai kusan mita 2. An naɗe wannan zare cikin dunƙule 46 da ake kira kuromozom, kuma biyu-biyu suke tafiya, wato ma'aurata 23, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Masana sun daɗe suna ɗauka cewa 48 ne, sai a 1956 Joe Hin Tjio da Albert Levan suka ƙirga su daidai a Lund ta ƙasar Suwidin.

Za a iya kwatanta abin da littafi mai juzu'i 23 wanda kowace ƙwaya ke riƙe da kwafinsa biyu, kwafin uwa da kwafin uba. A cikin juzu'an akwai umarni kimanin 20,000 na yadda za a haɗa sinadaran jiki. Umarnin da sikila ta shafa yana cikin juzu'i na 11, kuma aikinsa shi ne haɗa wani sashe na hemogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jan jini. Haruffan A da S da C da ake gani a takardar gwaji nau'o'i ne na wannan umarni guda. Mai AS ya gaji A daga ɗaya cikin iyayensa, S daga ɗayan. Wannan A ba ita ce A ta rukunin jini ba, wadda ake rubutawa tare da B da O. Waccan tana kan kuromozom na 9, kuma ƙarin jini ta shafa. Mutum na iya sanin rukunin jininsa tun yana makaranta alhali bai taɓa yin gwajin sikila ba, kuma ana yawan samun masu zuwa neman aure da takardar farko suna zaton ta biyu ce.

Mitoz: rabuwar da ke gina jiki

A 1855 likitan Jamus Rudolf Virchow ya yaɗa ka'idar cewa kowace ƙwaya daga wata ƙwaya take fitowa, sannan a 1882 ɗan ƙasarsu Walther Flemming ya bayyana matakan rabuwar dalla-dalla. Kafin ƙwaya ta rabu, sai ta kwafe DNA ɗinta baki ɗaya, aikin da ke cin sa'o'i da dama, ta yadda kowane kuromozom zai zama zare biyu masu kama ɗaya da ke manne da juna. Daga nan zaren ya dunƙule ya yi kauri, bangon cibiya ya narke, kuromozom 46 su jeru a tsakiyar ƙwaya, wasu siraran igiyoyi su kama kowanne daga gefe biyu su ja, rabi ya tafi nan rabi ya tafi can. Ƙwayar sai ta tsuke a tsakiya ta zama biyu, kowace da 46 cif, irin na uwarsu. Rabuwar kanta ba ta cika wuce sa'a ɗaya ba, amma zagayen gaba ɗaya, tun daga shiri har ƙarshe, yakan kai kimanin sa'o'i 24 a ƙwayoyin da ke saurin rabuwa.

Ba duk sassan jiki ke gudu ɗaya ba. Ɓargo yana samar da jajayen ƙwayoyin jini sama da miliyan 2 a kowace daƙiƙa, domin kowace tana rayuwar kwana 120 ne kawai. Shimfiɗar cikin hanji tana sabuntuwa cikin kwana 3 zuwa 5, saman fata cikin kimanin wata guda, hanta kuma tana iya sake tohowa bayan an yanke wani sashe nata. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da na naman zuciya kuwa mafi yawansu ba sa sake rabuwa bayan sun gama girma, shi ya sa targaɗe da karaya ke warkewa amma shanyewar ɓarin jiki ke barin tabo mai daɗewa. Akwai kuma shingayen bincike a cikin zagayen, inda ƙwaya ke tsayawa ta duba ko kwafin ya yi daidai, ta gyara kuskure, ko ta kashe kanta idan ɓarnar ta fi ƙarfin gyara. Aikin gano waɗannan shingaye da sinadaran da ke tafiyar da su ne ya ba Leland Hartwell da Tim Hunt da Paul Nurse lambar Nobel ta 2001.

Abin lura a nan shi ne duk abin da ya sami waɗannan ƙwayoyi ba ya shiga gado. An yi ɗaruruwan shekaru ana yi wa jarirai tsaga a Gobir da Adar da Arewa, kaka da jika, amma ba a taɓa haifar yaro da tsaga a kumatu ba. Haka kaciya, haka hudar kunne, haka hasken da man bilicin ke kawowa.

Meyoz: rabuwar da ke rage adadi

Da a ce maniyyi da ƙwai kowanne na ɗauke da kuromozom 46, da ɗa ya zo da 92, jika da 184. Dole akwai inda ake rage adadin zuwa rabi, kuma Edouard van Beneden na Beljiyam ne ya fara ganin haka a 1883, lokacin da yake nazarin ƙwan tsutsar cikin doki. Wannan ragin shi ne aikin meyoz, kuma a wuri biyu kaɗai yake faruwa, ƴaƴan maraina na namiji da ma'ajiyar ƙwai ta mace.

Ƙwayar tana kwafe DNA sau ɗaya, amma ta rabu sau biyu. A rabuwar farko, kowane kuromozom da aka gada daga uwa yana neman abokinsa da aka gada daga uba, su manne, su yi musayar wasu yankuna a tsakaninsu, ta yadda zaren da zai fito ya zama haɗin na kaka mace da na kaka namiji. Bayan musayar sai ma'auratan 23 su jeru a tsakiya a raba su, kuma kowane ma'aurata nasu juyin daban ne. A na 1 kwafin uwa na iya tafiya dama, a na 2 ya tafi hagu, babu wanda ke bin wani. Idan aka lissafa hanyoyin da wannan jeri kaɗai zai iya kasancewa, wato 2 a ninka da kanta sau 23, za a sami 8,388,608. Idan aka haɗa na miji da na mata, adadin ya haura tiriliyan 70, ba a ma sa musayar yankunan a lissafi ba. Rabuwa ta biyu tana kama da mitoz, tana raba zare biyun da ke manne, a ƙare da ƙwayoyi huɗu, kowace da kuromozom 23, babu biyu masu kama ɗaya. Wannan ne ya sa ƴan uwa ɗaya uba ɗaya ke kama da juna amma ba su zama mutum ɗaya ba, kuma shi ya sa jika ke iya ɗebo hancin kakarsa alhali ubansa bai ɗebo ba.

Tsarin lokaci ya bambanta ƙwarai tsakanin jinsi biyu. A jikin namiji meyoz yana farawa da balaga ya ci gaba har tsufa, kowace ƙwayar asali tana ba da maniyyi huɗu, kuma aikin yana ɗaukar sama da wata biyu daga farko zuwa ƙarshe. A jikin mace kuwa yana farawa tun tana cikin mahaifiyarta. Wajen wata na biyar na ciki, ɗan tayin mace yana da ƙwai miliyan 6 zuwa 7, lokacin haihuwa sun ragu zuwa miliyan 1 ko 2, lokacin balaga kuma kimanin 300,000 zuwa 400,000, waɗanda 400 zuwa 500 ne kawai za su fito a tsawon shekarun haihuwarta. Dukkansu sun fara rabuwar farko sun tsaya a tsakiya, kuma a haka suke jira shekara goma sha wani abu, ko talatin, ko arba'in, har watan da layi ya zo kansu. Rabuwa ta biyu ba ta kammala sai maniyyi ya shiga ƙwan. Daga cikin abin da rabuwar ta bayar, ƙwai ɗaya ne ke ɗauke kusan duk abincin da ɗan tayi zai fara rayuwa da shi, sauran su shanye.

Inda lissafin sikila ya fito

Mai AS yana da A a kan kuromozom na 11 guda, S a kan ɗayan. Meyoz yana raba su, don haka rabin maniyyinsa na ɗauke da A, rabi na ɗauke da S, haka ma ƙwan matarsa idan ita ma AS ce. Haɗuwar na iya kasancewa ta hanya huɗu masu nauyi ɗaya: A da A, A da S, S da A, S da S. Daga nan aka sami AA ɗaya cikin huɗu, AS biyu cikin huɗu, SS ɗaya cikin huɗu. Wannan shi ne lissafin da Gregor Mendel ya gano a 1865 da tsiron wake, tun kafin a san kuromozom.

Muhimmin abu shi ne kowane ciki sabon maniyyi ne da sabon ƙwai, kuma babu abin da ke tuna musu abin da ya faru a cikin da ya gabata. Haɗarin kashi 25 cikin 100 ne a ciki na farko, kashi 25 a na biyu, kashi 25 a na bakwai. Idan aka ɗauki iyalai 100 da miji da mata duk AS ne, kowane da ƴaƴa huɗu, lissafi ya nuna kimanin 32 ba za su sami mai SS ko ɗaya ba, 42 za su sami ɗaya, 21 za su sami biyu, 5 kuma uku ko duka huɗun. Gidan da ya tsira da gidan da ya sha wahala duk suna cikin lissafin, babu wanda ya ƙaryata gwajin. Yawan haihuwa ne ke sauya hoton. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a Nijar ya kai 7.6, kuma idan masu AS biyu suka haifi ƴaƴa bakwai, yiwuwar a ce babu mai SS a cikinsu ta sauka zuwa kimanin kashi 13 cikin 100. Wato ɗaya cikin huɗu da ake ji kamar kaɗan ne, a iyali irin namu ya fi kusa da tabbas.

Mai AS da mai AA ba sa haifar SS, sai dai rabin ƴaƴansu na iya zama AS. Mai SS da mai AA duk ƴaƴansu AS za su zama. Akwai kuma C, wadda ta fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana kuma ana samunta a Nijar. Mai AS da mai AC na iya haifar SC, wanda shi ma nau'i ne na cutar, ko da yake sau da yawa ya fi SS sauƙi. Nan ne irin gwajin da aka yi ke da muhimmanci. Gwajin Emmel, mai araha, yana nuna akwai S ne kawai, ba ya bambanta AS da SS kuma ba ya ganin C. Gwajin elektoroforez na hemogulobin ne ke fitar da haruffan biyu, kuma wanda aka ƙara wa jini cikin wata uku da suka wuce na iya samun sakamako mai ruɗi saboda jinin wani da ke jikinsa.

Asalin S canji ne na harafi ɗaya a cikin DNA, wanda ke sauya ɗigo ɗaya a ginin hemogulobin, kamar yadda Vernon Ingram ya nuna a 1956. Wannan ɗan canji ne ke sa jan jini ya lanƙwashe ya toshe jijiyoyi, ya mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon 120. Dalilin yawansa a wannan yanki kuma Anthony Allison ya bayyana shi a 1954 daga bincikensa a gabashin Afirka: mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, don haka a inda sauro ke kashe yara, masu AS sun fi tsira su hayayyafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ɗauke da S da kashi 20 zuwa 30 cikin 100 a ƙasashe irin su Najeriya da Gana da Kamaru. Mai AS ba majinyaci ba ne, kuma ba ya rikiɗewa ya zama SS.

Matsayoyin da ake da su kan gwajin

Masu goyon bayan tilasta gwaji suna kafa hujja da wahalar da yaro mai SS ke sha, da kuɗin magani da ƙarin jini da ke durƙusar da iyali, da kuma cewa idan aka bar abu ga ganin dama kunya kan hana iyaye tambaya. Masu son a bar shi bisa zaɓi tare da nasiha suna nuna cewa kayan gwaji mai inganci sun fi taruwa a birane, kamar cibiyar ƙasa ta kula da masu amosanin jini da ke Yamai, alhali yawancin aure a karkara ake ɗaura shi. Suna kuma tsoron takardun jabu, da tsangwamar da za ta faɗa kan ƴan mata masu AS fiye da samari. Akwai masu ganin gwajin kamar shiga hurumin ƙaddara ne, yayin da malamai da dama ke amsa cewa neman sani da kauce wa cuta ba sa karo da tawakkali.

Ilimin rabuwar ƙwayoyi bai raba gardamar doka ba, amma yana gyara wasu zato na kowane ɓangare. Hana auren AS da AS yana rage haihuwar masu SS, sai dai ba ya kawar da S daga al'umma, tunda auren AS da AA ma yana miƙa ta ga rabin ƴaƴa. Gujewa auren zumunci yana rage haɗarin wasu cututtukan gado da ba su da yawa, domin ɗan wa da ɗan ƙane sun yi tarayya a kimanin kashi ɗaya cikin takwas na abin da suka gada, amma S ta yi yawan da auren bare ba ya zama kariya. Abin da ya faru a Saudiyya kuma darasi ne game da lokaci. Ƙasar ta wajabta gwajin tun 2004 ba tare da hana auren ba, kuma a shekarun farko kusan 9 cikin 10 na waɗanda aka gano suna cikin haɗari sun ci gaba da aurensu. Sakamakon da ya fito bayan an kai sadaki an sa rana ba ya cika sauya komai. Wanda aka sani tun yaro na makaranta, ko tun yana jariri, shi ne ke ba mutum damar zaɓi ba tare da rusa zumunci ba, kuma ga jariri mai SS yana ba da damar fara rigakafi da wuri.

Namiji ko mace, tagwaye, da shekarun uwa

Ma'aurata na 23 su ne ke tsara jinsi, kuma Nettie Stevens ta Amurka ce ta nuna a jikin ƙwari a 1905 cewa kuromozom ne ke wannan aiki. Mace tana da X biyu, namiji yana da X da Y. Meyoz na mace ba shi da abin bayarwa sai X, na namiji kuwa rabin maniyyi X ne rabi Y. Saboda haka maniyyin da ya riga shiga ƙwai ne ke sa a sami mace ko namiji, kuma shi ma mijin ba shi da iko a kai. Samun ƴaƴa mata huɗu a jere yana faruwa a kimanin gida ɗaya cikin 16 na masu ƴaƴa huɗu, kuma ƙara aure ba ya sauya lissafin ciki na gaba. Malamai kan kawo ayoyi na 49 da 50 na Suratus Shura a wannan magana, cewa Allah ke ba wanda Ya so mata, Ya ba wanda Ya so maza, kuma ta kowace fuska aka duba babu hujjar ɗora wa matar laifi.

Tagwaye iri biyu ne. Idan ƙwai biyu suka fito a wata ɗaya kowanne ya haɗu da nasa maniyyi, Hassan da Husaina ba su fi sauran ƴan uwa kama ba, ɗaya na iya zama AA ɗaya SS, kuma wannan nau'in ne ya yi yawa a yammacin Afirka. Idan kuwa ɗan tayi ɗaya ne ya rabu biyu a kwanakin farko, ta hanyar mitoz suka samu, jinsinsu ɗaya, gadonsu ɗaya.

Doguwar jiran da ƙwan mace ke yi tana da sakamako. Sinadarin da ke riƙe kuromozom a manne yana raunana da shekaru, sai wani lokaci ma'aurata su kasa rabuwa, ƙwai ya fito da 24 ko 22. Idan kuromozom na 21 ne ya zama uku, yaro yana zuwa da larurar Down, wadda Jérôme Lejeune da Marthe Gautier da Raymond Turpin suka gano sababinta a Paris a 1959. Yiwuwar tana kusan 1 cikin 1,500 ga uwa mai shekara 20, 1 cikin 350 a shekara 35, 1 cikin 100 a shekara 40, da kimanin 1 cikin 30 a shekara 45. Irin wannan kuskuren ne ke bayan kimanin rabin ɓarin da ake yi a watanni ukun farko, wanda ke nufin a mafi yawan lokuta ba dakan da matar ta yi ko tulun da ta ɗauka ne sababi ba. Shekarun uba ma suna da nasu tasiri, domin ƙwayoyin da ke samar da maniyyi suna ta kwafi tun balaga, kuma ƙananan kurakurai na ƙaruwa da yawan kwafin.

Idan mitoz ta ƙi tsayawa

Ciwon daji mitoz ce da ta kuɓuce wa shingayen bincike. Kurakurai suna taruwa a DNA na ƙwaya ɗaya cikin shekaru, har ta daina jin umarnin tsayawa, ta yi ta rabuwa, ta zama ƙari, ta bazu. Wani umarni mai suna p53, wanda ke tsayar da ƙwayar da ta lalace, ana samunsa a lalace a cikin ƙarin kimanin rabin masu cutar. Abubuwan da ke hanzarta ɓarnar sanannu ne a nan: ciwon hanta nau'in B, gubar aflatoksin da ke fitowa a gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu, hayaƙin taba, da ƙwayar cutar HPV da ke haddasa dajin bakin mahaifa. Tunda ɓarnar a ƙwayoyin jiki take faruwa, mafi yawan ciwon daji ba a gadonsa. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai ke da tushen gado, kuma ko a nan abin da ake gada ƙarin haɗari ne. Shi kansa ciwon ba ya yaɗuwa ta zama tare ko cin abinci a kwano ɗaya.

Magungunan cutar da yawa rabuwar suke kai wa hari. Binkiristin, wanda aka samo daga wani furen Madagaska, yana hana igiyoyin da ke jan kuromozom haɗuwa, hasken da ake gasa ƙari da shi kuma, wanda aka fara a cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji a Yamai a 2021, yana farfasa DNA na ƙwayoyin. Sai dai maganin da ke bin jini ba ya bambanta ƙwayar daji da lafiyayyar ƙwaya mai saurin rabuwa, shi ya sa gashi ke zubewa, baki ke yin gyambo, jini ke raguwa. Iyalan da ba a yi wa wannan bayani ba kan ɗauka maganin ne ke ƙara ciwon su janye majinyaci, alhali waɗannan sassa kan farfaɗo bayan an kammala.

Warkewar jiki da abin da ke cikin gado

Maganin sikila ma ta ɓangaren mitoz yake aiki. Hidiroksiyuriya, wadda asalinta maganin daji ce, tana sa ɓargo ya ƙara samar da irin hemogulobin da jariri ke da shi a ciki, wanda ke rage lanƙwashewar jini da yawan tashin ciwo. Dashen ɓargo yana maye gurbin ƙwayoyin da ke haifar da jini da na wani mai lafiya. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka sun amince da Casgevy, hanyar da ake ciro ƙwayoyin ɓargon majinyaci a gyara DNA ɗinsu a mayar, a kan farashin dala miliyan 2.2 a Amurka, wato sama da miliyar ɗaya na sefa, abin da ya sa ta yi nisa da majinyatan Sahel.

Duk waɗannan hanyoyi ɓargo suke taɓawa, ba su kai ga ƙwayoyin da ke yin meyoz ba. Wanda aka haifa SS aka yi masa dashen ɓargo daga ɗan uwansa mai AA na iya rabuwa da ciwon, gwajin jininsa ma ya riƙa nuna AA, amma duk maniyyin da zai samar S yake ɗauke da ita. Idan ya auri mai AS, yiwuwar haifar SS a kowane ciki ɗaya cikin biyu ce, don haka wajibi ne mai irin wannan tarihi ya faɗa wa likitan da ke fassara takardar gwajin aure.